Tiyon da Ba Ya Ɗiga: Nazarin Ciwon Wani Injin Kwalekwale a Yauri

Jirgin da za a yi magana a kansa kwalekwalen katako ne, irin dogayen nan na falanki da ke jere a kwatar Yauri, an ɗaura masa inji mai ƙarfin doki 40 a baya. Na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, kuma da shi yake riƙe da gida: buhunan albasa da shinkafa daga gungu zuwa gari, fasinja ranar kasuwa, wani lokaci har tumaki. Ni sana'ata gyaran babur da janareta ce. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan lamari shi ne mun shafe kusan wata biyu muna zuba kuɗi a kan wuraren da lafiyarsu ƙalau, alhali ainihin ciwon yana kwance a ƙasan jirgi, kowa na tsallake shi safe da yamma.

Yadda abin ya faro

Lokacin farin ruwa ne, wato ambaliyar da ke zuwa da damina, wadda ruwanta ke da laka, kafin baƙin ruwan da ke gangarowa daga can ƙasar Gini ya iso da hunturu. A irin wannan lokaci ruwa na da ƙarfi, iska na tashi ba sallama, kuma tun da aka datse kogin a Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa waɗanda matuƙi ke kauce wa da sani da kuma ƙarfin inji. In inji ya mutu a tsakiya, filafili da gora ba su cika yin wani abu ba ga jirgin da ke da lodi.

Injin yana tashi da ja ɗaya ko biyu. A sulo yana zama lafiya. Amma da an ba shi totur aka yi 'yar tafiya, sai ya fara shaƙewa, ya ja baya, ya sake ɗauka, can sai ya mutu. A huta kaɗan, a matsa famfon hannu, wato ƙullin robar da ke tsakiyar tiyon mai, a ja igiya, ya tashi kamar ba shi ba.

Bakaniken da ke duba injunan kwata ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya canza fulogi. Bayan kwana uku ciwo ya dawo, ya kwance kafireto ya wanke, ya ce ya ga baƙin datti a ciki. Aka ɗora wa man 'yan bumburutu laifi, Kawu ya koma sayen mai a gidan mai kaɗai, yana tace shi da ƙyalle. Aka sake wanke kafireto, aka sake samun baƙin dattin nan. Daga ƙarshe aka canza robar cikin famfon mai na jikin inji. Ban ga laifin bakaniken ba a kan tsarin da ya bi, don ko ni ne da babur haka zan fara. Inda aka yi sake shi ne duk binciken ya tsaya a ƙarƙashin murfin inji. Ba wanda ya bi man daga inda yake fitowa.

Ranar da hankali ya tashi, suna dawowa ne da albasa da mutum goma sha wani abu, har da mata masu goyo, hadari ya haɗo, inji ya fara halinsa. Yaron jirgi ya tsugunna ya dinga matsa famfon hannu ba tsayawa har suka kai gaci. Da dare shi yaron ya zo shagona cajin waya yake ba ni labari. Ya ce, "Yaya, ni dai na lura, muddin ina matsawa ba ya mutuwa. Kuma famfon ba ya yin tauri kamar da."

Wannan maganar ta yaro ta fi duk wankin kafireton da aka yi amfani.

Abin da maganar yaron ke nufi

Sai an fahimci yadda mai ke tafiya kafin a gane. A irin wannan jirgi tanki yana ƙasa, inji yana sama, don haka mai ba gangara yake yi ba, zuƙo shi ake yi. A jikin inji akwai ɗan famfo mai wata siririyar roba kamar fatar kalangu, wadda bugun iskar cikin inji ke kaɗawa, ita kuma ta jawo mai ta cikin tiyo. Inji mai doki 40 a cikakken gudu yana iya shan abin da ya kai lita 20 a awa ɗaya, wato kusan sulusin lita kowane minti, kuma duk ta wannan siririn tiyon mai faɗin ciki kamar milimita 8 zai bi.

To tunda zuƙa ake yi, in tiyo ya tsage ko bakinsa ya saki, ba lalle mai ya zubo waje ba. Iska ce za ta shiga ciki. Duk wanda ya taɓa shan lemo da tsinken roba mai huda ya san abin: kana ja, kumfa ke zuwa. A sulo inji na buƙatar mai kaɗan, abin da ke isowa ya wadatar. Da an buɗe totur sai kafireto ya fara ƙarewa da sauri fiye da yadda ake cika shi. Hannun yaro a kan famfo shi ne ke tura man da ƙarfi, yana cike giɓin.

Akwai kuma abin da ya fi mutuwar inji damuna. Waɗannan injunan ba su da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya shi, a ma'aunin da aka saba kashi 1 cikin 50, wato kamar rabin lita ga lita 25. Ke nan in fetur ya ragu a hanya, man da ke shafe fistin da ringi shi ma ya ragu, zafi kuma ya ƙaru. Inji na iya yin makonni yana cin kansa a hankali kafin ranar da fistin zai kama. Kuɗin wannan gyara ya ninka kuɗin tiyo sau da yawa.

Washegari na sauka kwata na sami Kawu yana kwashe ruwa daga jirgi. Na gaishe shi, na ce ina zargin tiyo. Ya nuna mini ƙasan jirgi ya ce, "Kai ɗan nan, tiyo ai yoyo yake yi in ya lalace. Duba ka gani, ko ɗigo babu." Na ce, "Kawu, ku ba ni yini ɗaya. In ban sami komai ba, kuɗin tiyon a kaina."

Abin da muka tarar

Layin man, daga tanki zuwa inji, ashe gunduwa uku ne. Akwai baƙin tiyo na asali mai famfon hannu a tsakiya, wanda Kawu ya ce tare da injin ya saye shi a hannun wani, shi ma kuma bai san shekarunsa ba. Wani lokaci can baya buhu ya danne shi ya yanke, aka ƙara masa farin tiyo mai haske, irin wanda magina ke awon lebur da shi, aka haɗa su da guntun bututun ƙarfe, aka naɗe da robar taya. Kusa da inji kuma akwai wani guntu na babur da aka ɗaure da waya.

Gwaji na farko ba ya buƙatar kayan aiki. Na matsa famfon hannu sau da yawa. In layi na da lafiya, bayan 'yan matsawa zai cika ya yi tauri a hannu. Wannan ya ƙi. Da famfon ya shafe ne ya ƙi dawowa yayin da inji ke aiki, da sai in ce toshewa ce ta wajen tanki, ko kuma an manta ba a buɗe ɗan sukurun shan iska na murfin tanki ba. Rashin tauri kuwa alamar iska ce, ko kuma 'yan ƙofofin cikin famfon sun daina rufewa.

Gwaji na biyu, na sa sabon guntun tiyo mai haske, kamar tsawon taƙi, daf da inji, na ɗan lokaci kawai, muka ɗaure jirgi da kyau muka tayar. A sulo kumfa ɗai-ɗai ke wucewa. Da aka ƙara wuta sai ga su a jere kamar carbi. Kawu ya sunkuya ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

Farin tiyon ya riga ya zama ruwan ƙasa, ya ƙandare kamar kara. Haka irinsa ke yi: fetur na tsotse sinadarin da ke sa shi laushi, sai ya bushe ya daina kama bakin ƙarfe. Da yatsa biyu na juya shi a kan bututun. Nan iska ke shiga, a ƙarƙashin robar tayar da ta rufe wurin ta sa ya yi kamar a ɗaure yake.

Baƙin tiyon ne ya fi ba ni tsoro. Daga waje bai nuna komai ba sai 'yan tsage-tsage in an lanƙwasa shi. Na yanki guntu na tsaga shi a tsaye da reza. Cikinsa ya ruɓe, fatar ciki ta ɗaɗɗago, wani wuri ta naɗe ta kusa rufe hanya, kuma da na goga yatsa sai ga baƙin gari kamar na gawayi. Dattin da ake ta wankewa daga kafireto ke nan. Ba daga gidan mai yake zuwa ba, tiyon ne ke zubar da naman jikinsa, komai tace man da za a yi kafin a zuba. Na miƙa wa Kawu guntun. Gani ya kori ji.

Dalilan ruɓewar ba ɓoyayyu ba ne. Tiyon jirgi a fili yake kwana, kuma a Yauri zafin watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Rana na cin bayansa, fetur na cin cikinsa. Fetur ɗin ma ba kullum iri ɗaya ba ne: a watan Fabrairun 2022 hukumomi da kansu suka sanar cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol cikin ƙasar nan, kuma dangin wannan sinadari suna kumbura tsohuwar roba su raba ta da fatarta ta ciki. Wanda zai sayi tiyo yau dole ya nemi wanda aka yi don jure irin wannan.

Neman tiyon kirki

A nan aikin ya fi cin lokaci. Tiyon man jirgi na gaskiya yana da rubutu a jikinsa: lambar ƙa'idar da aka yi shi a kai, faɗin cikinsa, da shekarar da aka ƙera shi. In ka ga ISO 7840 da A1, wannan shi ne wanda aka gwada ya jure wuta na minti biyu da rabi, kuma shi ake sa wa jiragen da injinsu ke cikin rufaffen wuri. In ka ga ISO 8469 da B1, an yi shi don fetur amma ba a yi masa gwajin wuta ba, kuma ya halatta a layin da ke fili kamar namu. Na Amurka kuma suna ɗauke da SAE J1527.

A shagunan da na zaga cikin gari, abin da aka fi miƙo mini tiyo ne marar rubutu ko ɗaya, wasu ma na ruwa ne. Sai da na yi saƙo wajen wani mai sayar da kayan injin jirgi aka kawo cikakken layi, mita 3 da famfonsa da kawunansa biyu, da kuma mita ɗaya na ƙaramin tiyo don cikin inji. Rubutu ma ana iya buga na ƙarya, don haka na yanki bakinsa na duba: akwai zaren ƙarfafawa a tsakanin fata biyu, kuma da na lanƙwasa bai karye ya toshe ba. Ra'ayina, in an rasa na jirgi sam, tiyon fetur na mota mai zare a ciki ya fi farin tiyon magina nesa ba kusa ba, sai dai ba ya jure rana kamar na jirgi, dole a riƙa duba shi.

Kawu ya yi ƙorafin kuɗin, kuma ban ga baƙinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Mai jirgi yanzu kusan duk abin da ya samu a tanki yake ƙarewa. Amma da muka lissafa fulogi, wanki biyu, robar famfo da kwanakin da jirgi ya yi a ɗaure, sun fi kuɗin sabon layin.

Aikin kansa

Da sassafe muka yi shi, kafin rana ta yi zafi. Muka ja jirgi can nesa da masu bandar kifi da mai shayi, na kuma roƙi masu shan taba su ba mu wuri. Wannan ba tsoro ne na banza ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan jirgi kamar ruwa a kwano, kuma ɗan kaɗan a cikin iska ya isa ya kama. Muka fitar da tanki kan tudu, muka tsiyaye man cikin tsohon layi a galan, muka ajiye bokitin yashi kusa.

Kafin in taɓa komai a ƙarƙashin murfi na ɗauki hoto da waya. Tiyo uku ne a ciki: daga mahaɗa zuwa matatar mai, daga matata zuwa famfo, daga famfo zuwa kafireto. Ɗaya bayan ɗaya na bi su, in cire tsoho, in auna sabo da shi, in sa, sannan in matsa gaba.

Tsohon tiyo yana manne wa bakin da yake kai. Kada a sa sukudireba a ɓanɓare shi, domin bakin matata da na famfo na roba ne, suna karyewa, kuma in sun karye an shiga wani sabon kashe kuɗi. Tsaga shi na yi da reza a hankali, ba tare da na karce bakin ba, ya buɗe da kansa. Sabon kuwa a yanke shi daidai, ba a karkace ba. In ya ƙi shiga, a tsoma bakinsa a ruwan ɗumi, a shafa ɗigon baƙin mai. Na sha ganin masu gyara suna gasa bakin tiyo da ashana don ya yi laushi. A kusa da fetur wannan ganganci ne, kuma yana ƙona robar tun kafin ta fara aiki.

Sai maɗauri. Waya da robar taya duk muka zubar, muka sa kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa, daidai girman tiyon. Kilif da ya yi yawa in an ɗaure shi ba ya zama da'ira, yana barin kusurwar da iska za ta bi. Wurin zamansa bayan tudun bakin ne, ba a kan tudun ba, kuma a ɗaure har tiyo ya daina juyawa, ba har ƙarfe ya nutse cikin roba ba.

Famfon hannu yana da kibiya a jikinsa, kanta ya kalli inji. In aka juya shi mai ba zai taɓa zuwa ba. Lokacin matsawa kuma a ɗaga shi kibiyar ta kalli sama, ya fi saurin cika.

Na duba bututun da ke cikin tanki da 'yar ragar da ke bakinsa, na wanke tankin, na wanke matata, na kwance sukurun ƙasan kafireto na zubar da abin da ya taru. Wannan wankin shi ne na ƙarshe da baƙin garin ya fito.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne hanyar da layin zai bi. A da a ƙasa yake yashe, ana taka shi, ana dire masa buhu. Muka bi da shi ta gefen jirgi, ƙarƙashin katakon zama, muka zura shi cikin guntun faffaɗan tiyo a inda yake gogar katako, muka bar masa sassauci a baya. Na sa yaron ya juya inji dama da hagu har ƙarshe, ya kuma ɗaga shi sama kamar in za a shiga wuri marar zurfi, don mu tabbatar ba ya jan tiyon kuma ba ya lanƙwasa shi.

Da muka gama na matsa famfo. A matsawa ta shida ko ta bakwai ya yi tauri. Na riƙe shi a matse, na bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda ina duba laima, ina kuma shinshinawa. Wuri ɗaya ya jiƙa takarda, a kan mahaɗar jikin inji, inda 'yar zoben robar ciki ta tsufa, muka canza kan gaba ɗaya. Duka aikin bai kai azahar ba.

Bayan gyara

Gwajin gaskiya sai da lodi. Muka ɗora buhuna, muka yi sama da ruwa, Kawu ya buɗe totur har ƙarshe ya riƙe. Yaron ya zauna kusa da famfo hannunsa a shirye, bai taɓa shi ba har muka je muka dawo. Da na kwance fulogi daga baya, launinsa ya koma ruwan ƙasa, ba fari fat irin na injin da ke yunwar mai ba. Na leƙa ta ramin fulogi da tocila na ga 'yan layuka a bangon silinda ta sama. Ba su kai a buɗe inji yanzu ba, amma ga dukkan alamu ladan watanni biyun nan ne.

Tun bayan hatsarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayun 2021, inda mutane da dama suka rasa rayukansu, magana a bakin ruwa ta fi karkata ga yawan lodi, tafiyar dare da rigar ruwa, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, na yawan jan kunne a kansu. Duk daidai ne. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya a kwata ya ɗaga tiyon jirgi ya lanƙwasa ya duba ba, alhali jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar iska, ko lodinsa daidai ne, yana juya gefensa ga igiyar ruwa. A ganina shugabannin kwata da Sarkin Ruwa za su iya sa wannan cikin abin da ake dubawa ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Na rubuta watan da shekarar da muka canza layin da fenti a jikin tanki, muka yi da yaron cewa duk Juma'a zai lanƙwasa tiyon ya duba tsaga, ya matsa famfo ya ji taurinsa, ya kuma rufe shi da buhu in jirgi na hutawa a rana. Guntun da na tsaga yana wajen Kawu, ya nuna wa makwabtansa na kwata, biyu daga cikinsu sun zo na duba musu nasu, ɗaya ma har ya fi namu ruɓewa.

Abu guda ne har yanzu ba mu daidaita ba. Tankinsa lita 24 yake ci, ba ya isar doguwar tafiya, don haka in ya ƙare sai Kawu ya zare tiyo daga tanki ya zura shi kai tsaye cikin jarka, ya toshe bakin da leda. Fatar bayan tiyo ba a yi ta don ta jiƙu cikin fetur ba, jarka kuma ba ta da wurin shan iska, ga tururi na fita a tsakiyar fasinja. Na ce masa ya sayi tanki na biyu mai irin mahaɗar, in ɗaya ya ƙare a cire a maƙala wa ɗayan. Ya ce in Allah ya kai mu kakar albasa. Na riga na yi magana da mai kayan ya ajiye mana ɗaya.